Wa ke karanta littafin waƙa a gidansa yanzu, kuma da wane lokaci?

Maman Sadiƙ:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da tambaya, kuma don Allah kowa ya faɗi yadda yake yi a zahiri. Daga asuba zuwa kwanciya, me kuke karantawa, kuma da wane lokaci? Musamman ina son in ji ko akwai wanda har yanzu yake ɗaukar littafin rubutattun waƙoƙi ya karanta haka kawai, ba don jarrabawa ba. Yarana duk sun iya karatu, Hausa da Turanci, amma ban taɓa ganin ɗayansu ya ɗauki littafin da ba malami ne ya ce a karanta ba. Abin yana damuna ƙwarai.

Habu Tela:
Wa alaikumus salam Hajiya. Ni bayan asuba ina karanta izu ɗaya, in na makara rabin izu. Daga nan sai shago. A shago hannu na kan keke, ido na kan allura, don haka saurare nake yi. Akwai masu karanta littattafan Hausa a YouTube, sai in kunna in ajiye waya a kan teburin yanka, ni da yarana uku muna ji muna aiki. Ban san ko za ku lissafa wannan a cikin karatu ba.

Ummi Ɗaliba:
Yaya Habu, da girmamawa, wannan saurare ne. Yana da amfani, amma ba ka tsayawa ka koma baya ka sake duba jimlar da ta yi maka nauyi. Mai karantawa ne ke jan ka da saurinsa.

Habu Tela:
Ina komawa baya mana ƙanwata. In keke ya yi ƙara na rasa wani wuri, sai in mayar.

Malam Idi Zariya:
Maman Sadiƙ, Allah ya yi wa yaran albarka. Na koyar da Hausa a firamare da sakandare har na yi ritaya, don haka bari in yi magana a kan waƙa, tunda ita kika fi tambaya.

Abin da na lura da shi shi ne, mutane suna sayen littafin waƙa, su buɗe, su bi shi da ido yadda ake bin labari, su ji babu daɗi, su ajiye. Daga nan sai su yanke cewa su ba masu son waƙa ba ne. Alhali rubutacciyar waƙar Hausa tun asali don baki da kunne aka tsara ta. Kowace tana da karinta, tana da amsa-amonta a ƙarshen baiti, kuma yawancinsu a kan ma'aunin waƙar Larabci aka ɗora su, gaɓa mai nauyi da marar nauyi suna bin juna a tsare. In ba ka ɗaga murya ba, wannan tsarin duk ba za ka ji shi ba, sai kalmomi kawai a jere.

Ku dubi Malam Aliyu Namangi na nan Zariya. Makaho ne, bai taɓa ganin shafin da aka buga waƙarsa ta Imfiraji a kai ba. Shi yake tsarawa a ka, a rubuta masa. Kuma mutanen da suka fi yaɗa waƙar makafi ne masu rera ta a ƙofar gidaje da bakin masallatai, sai kuma rediyo. Tsofaffin mata da yawa a Zazzau sun haddace baitocinta ba tare da sun taɓa riƙe littafin ba. Haka a Kano, a shekarun 1970, 'yan ƙungiyar Hikima ta Alhaji Mudi Sipikin rera waƙoƙinsu suke yi a gidan rediyo. In muka koma baya sosai, Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, waƙoƙinta jajoji, wato matan da ta koyar, su ne ke haddacewa su kai wa matan ƙauyuka, su rera musu, 'yan taru, wato matan da ke ɗaukar karatun, su ɗauka.

Saboda haka Ummi, ɗiyata, a fagen waƙa Habu bai yi nisa da hanyar magabata ba. Abin da ya rage masa shi ne shi ma ya buɗe baki ya rera.

Ummi Ɗaliba:
Allah ya gafarta Malam, na yarda da tarihin, amma ina da ja a wuri ɗaya. Akwai waƙoƙin da in ka tsaya ga daɗin kari kaɗai, ma'ana za ta wuce ka. Waƙoƙin Malam Sa'adu Zungur cike suke da kalmomin Larabci da ishara ga siyasar shekarun 1940 da 1950. Ni sai da na zauna da biro, ina ja wa kalma layi ina neman ma'anarta, sannan na gane abin da yake faɗa wa sarakuna da 'yan boko. Na san mutanen da ke rera baiti da murya mai daɗi, ka tambaye su me ake nufi su yi shiru.

Malam Idi Zariya:
Wannan gaskiya ne, kuma shi ya sa a zaure ake yin biyun. Malami ya rera baiti, ya tsaya ya fassara, ɗalibi ya maimaita. Abin da nake ƙi shi ne a fara wa yaro da biro da jan layi tun kafin kunnensa ya ji daɗin abin. Haka muka riƙa yi a aji saboda WAEC da NECO: kawo jigo, kawo salo, kawo zubi da tsari. Yaro ya ci jarrabawa, ya fita, ba ya sake waiwayar waƙa har abada.

Ɗan Kurmi:
Ni sana'ata ke nan, littattafai nake sayarwa a kasuwar Kurmi ta Kano, na gada wurin mahaifina. Bari in gaya muku abin da ke fita daga shago. Alƙur'ani da Ahalari da Ishmawi da Iziyya da Risala, waɗannan ba sa kwana, domin duk shekara akwai sababbin ɗalibai. In watan Mauludi ya kama, Ishiriniya tana fita sosai. Kuma ku lura, Ishiriniya waƙa ce, doguwa ma, kuma da Larabci mai wuya. Me ya sa take fita? Saboda tana da lokacinta, tana da wurinta, tana da jama'ar da ake taruwa a rera tare. Littattafan waƙoƙin boko kuwa, na Mu'azu Haɗeja ko Aƙilu Aliyu, sai an sa su a manhajar jarrabawa ake tambayarsu. Shekarar da aka cire su, sai ƙura.

Sannan kada a manta da kuɗi. Takardar da ake buga littafi daga waje ake shigo da ita, masana'antun takarda na Jebba da Iwopin da Oku Iboku sun daɗe ba sa wadatar da ƙasar. Tunda darajar naira ta faɗi a 2023, duk wanda ya je maɗaba'a ya san yadda farashi ya koma. Magidancin da ke lissafin kwanon masara ba zai sa littafin waƙa a gaba ba, kuma ban ga laifinsa ba.

Maman Sadiƙ:
Ɗan Kurmi, maganar lokaci da jama'a ta shige ni. Yarana ba sa fashin Islamiyya, kuma hadda suna yi ba sai na matsa ba, don akwai sa'ar da aka ware mata kuma abokansu suna can.

Alhaji Bala Gusau:
Ku yi haƙuri, ni a ganina waya ce ta kashe komai. Da can mutum zai sayi jarida ya zauna ya karanta ta daga farko har ƙarshe. Yanzu matasa sai littattafan soyayya a WhatsApp, rubutu ba ƙa'ida, ba ɗ ba ƙ, a haɗe kalmomin da ya kamata a raba. Wasu ma abin da ke ciki ba ya faɗuwa. Gara yaro ya zauna haka da ya karanta irin wannan.

Zainab Marubuciya:
Baba Alhaji, ina cikin waɗanda kake magana a kansu, don haka ka ba ni dama. Ina rubuta labari ina sakewa shafi-shafi a WhatsApp da Wattpad. Masu karanta ni yawancinsu matan aure ne da 'yan mata. Suna karantawa bayan sun sauke tukunya, ko suna jiran layi a asibiti, ko da dare in yara sun yi barci. In na yi jinkirin sakin shafi, saƙonni ba sa barina in huta. Waɗannan mata kullum suna karatu, wasu awa biyu a rana. In ana lissafin masu karatu a ƙasar Hausa, su ne kan gaba, amma kullum sai a tsallake su a ce ba a karatu.

Batun batsa, akwai masu yi, kuma mu kanmu muna faɗa da su a ƙungiyoyinmu. Batun ƙa'idar rubutu ma gaskiya ne, da yawa ba wanda ya koya musu. Amma irin wannan zargin aka yi wa su Hajiya Balaraba Ramat Yakubu da Malam Ado Ahmad Gidan Dabino a ƙarshen shekarun 1980 da farkon 1990, aka kira rubutunsu adabin kasuwar Kano da nufin raini. Yau a jami'o'i ake nazarinsu. Mata nawa ne suka dage suka koyi boko a lokacin don kawai su karanta waɗannan littattafan da kansu? Tambayi duk wadda ta yi zamanin hayar littafi a unguwa. Kuma tun da BBC Hausa ta fara gasar Hikayata ta gajerun labaran mata a 2016, an ga abin da matan nan za su iya in an ba su fili.

Alhaji Bala Gusau:
'Yata, ban ce duka ba. Amma ki gaya mini gaskiya, cikin masu karanta ki akwai wadda ta tashi daga labarin soyayya ta koma littafin tarihi ko na waƙa?

Zainab Marubuciya:
Akwai, amma ba su da yawa, Baba. Sai dai ina ganin dalilin shi ne ba wanda ya kai musu waƙar inda suke. Na taɓa buɗe wani babi da baiti biyu na wata tsohuwar waƙar wa'azi, sai ga tambayoyi: waƙar wa ce, ina za a samu cikakkiyarta? Na rasa inda zan tura su. Littafin ba ya kasuwa a garinsu, a intanet kuma babu.

Ɗan Kurmi:
Wannan matsala ce ta gaske. Da yawa daga littattafan da kamfanin buga littattafai na NNPC da ke Zariya ya buga ba a sake buga su a kai a kai. Wani lokaci sai dai tsohon kwafi, ko wanda aka yi wa hoto aka ɗinke.

Anti Nas:
Ni aikin dare nake yi a ɗakin haihuwa. Tsakanin ƙarfe biyu da huɗu, in Allah ya sa babu mai naƙuda, shi ne lokacin karatuna. Labari mai tsawo ba ya yi mini, don ana iya kirana kowane lokaci, in na dawo na manta inda nake. Waƙa ta fi dacewa da ni. Baiti biyar, shida, in rufe, in tashi in duba mara lafiya ina maimaita shi a zuci. Malam Idi, a hankali nake rerawa, ba na ɗaga murya saboda masu barci, amma leɓena yana motsi. Kuma akwai daren da muka rasa wata uwa bayan duk ƙoƙarin da muka yi. Ban iya yin magana da kowa ba. Baitocin wa'azi a kan mutuwa da na haddace tun ina yarinya wurin kakata su ne suka riƙe ni har gari ya waye. Don haka in ana cewa waƙa ba ta da amfani a rayuwar yau, ni na san amfaninta.

Maman Sadiƙ:
Allah ya jiƙanta, ya ba ku ladan aikinku, Anti.

Malam Idi Zariya:
Amin. Kuma ki lura, Anti, wurin kakarki kika samu, da kunne.

Isuhu Damagaram:
Salamu alaikum mutanen Najeriya. Mu nan Nijar lamarin ya ɗan bambanta. A lakwal, wato makarantar boko, da Faransanci muka yi karatu, don haka da yawanmu mun iya karanta Faransanci kafin mu iya karanta harshen da muke magana da shi a gida. Ni Hausar boko da littattafan Kano na koye ta, waɗanda 'yan kasuwa ke kawowa ta Maimujiya da Magarya. Mahaifina kuwa bai shiga lakwal ba, amma duk lissafin kasuwancinsa da wasiƙunsa da ajami yake rubutawa, kuma yana da waƙoƙin wa'azi na ajami cikin gafaka, yana karantawa bayan la'asar. In masu ƙidaya suka zo sai su rubuta shi cikin waɗanda ba su iya karatu ba. Wannan yana yi mini ciwo, domin ya fi ni yawan karatu a yini.

Abin da nake yi yanzu, in na dawo daga aiki na ci tuwo, ina karanta wa mahaifiyata shafi kaɗan na labari. Idonta ya yi rauni. Ita ke tuna mini in na manta.

Malam Idi Zariya:
Isuhu, Allah ya yi maka albarka. Abin da kake yi shi ne yadda karatun boko ya shiga ƙasar Hausa tun farko. Da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya a watan Janairun 1939, Malam Abubakar Imam yana edita, masu iya boko kaɗan ne. Mutum ɗaya zai saya, a taru a gindin bishiya ko ƙofar fada, ya karanta da ƙarfi kowa ya ji, a yi ta muhawara. Magana Jari Ce ma haka aka riƙa yi da shi a gidaje, ɗan makaranta yana karantawa, iyaye da ƙanne suna saurare. Yaron da ya ga manya sun yi shiru suna jiran abin da zai fito daga bakinsa, ba sai an ce masa karatu yana da daraja ba.

Ajami kuwa, ko a takardun naira 200 da 500 da 1000 yana nan har yau, don an san akwai miliyoyin da shi suke karantawa.

Baba Zango Kumasi:
Gaisuwa daga Gana. Mu a zango yaranmu Hausa suke ji, amma karatunta ya yi ƙaranci, Turanci da Larabci ake koya musu. Alhali a ƙasar nan Alhaji Umaru na Karaci ya zauna, haifaffen Kano, ya yi Salaga, ya rasu a Kete Karaci a 1934, ya bar waƙoƙi da Hausa da Larabci, har da waɗanda ya yi a kan zuwan Nasara da kan talauci. Tsofaffin malamanmu sun san shi. Matasa kuwa ko sunansa ba su ji ba. In akwai mai rera irin waɗannan waƙoƙi ya ɗauka a waya, mu nan za mu saurara, don kunnenmu bai manta Hausa ba.

Ummi Ɗaliba:
Duk na ji, kuma labarin Anti ya taɓa ni. Amma ina tsoron kada mu fake da cewa mu mutanen saurare ne mu bar karatun ido. Takardar asibiti, yarjejeniyar haya, sharuɗɗan bashin banki, takardar gado a kotu, duk ba mai rera maka su. Wanda bai saba zama shi kaɗai da shafi mai wuya ba, ranar da aka miƙo masa irin wannan takarda sai ya sa hannu bai san me ya amince da shi ba. Na ga an yi wa wata gwaggota haka a kan fili. Kuma karatu kai kaɗai yana ba ka damar ka ƙi yarda da marubuci ba tare da kunyar kowa ba. A taro, in malam ya fassara, shi ke nan.

Habu Tela:
Wannan kam gaskiya ne. Ni ma da na karɓi kwangilar ɗinkin kayan makaranta, sai da na kai wa ƙanena takardar ya duba mini.

Alhaji Bala Gusau:
Yarinyar nan ta faɗi abin da nake nufi fiye da yadda na faɗa.

Malam Idi Zariya:
Ummi, ba mu saɓa ba a kan inda za a je, a kan mafari muke magana. Na shekara da shekaru ina kallon yara. Waɗanda suka zama masu karatu su kaɗai a ɗaki, kusan dukkansu akwai wani a gida da ya fara karanta musu, ko ya sa su karanta masa. Ban taɓa ganin wanda faɗa ko bulala ta sa ya so littafi ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Maman Sadiƙ, ga shawarata. Kada ki sayo littattafai goma ki jibge. Ki samo ɗaya. Ki zaɓi lokacin da ba ya canzawa, tsakanin magariba da isha ya fi, tunda kowa yana gida kuma ko babu wuta fitilar caji ta isa. Minti goma sha biyar ya wadatar. Yau wannan ya karanta, gobe wancan. Ke ma ki karɓi naki layin, kuma wayarki ta kasance a ɗaki. In akwai tsohuwa a gidan, a yi a gabanta, domin za ta gyara musu karin kalma kuma za ta kawo nata labarin. Ranar Alhamis da dare, tunda babu Islamiyya, sai a yi waƙa. Ki fara rera baitin, su amsa. Kada ki tambaye su jigo. In sun tambayi ma'anar kalma, ki faɗa, in ba ki sani ba ku nemo tare.

Maman Sadiƙ:
Na gode Malam. Kakarsu tana tare da mu, kuma tana da baitocin Imfiraji a ka. Matsalata ita ce ni ban san karin yawancin waƙoƙin da ke littafi ba. In na rera yadda na ga dama, ba zan ɓata ba?

Malam Idi Zariya:
Ki karanta ɗango ɗaya, wato layi ɗaya na baiti, da ƙarfi sau da yawa, kina ja inda wasali yake da tsawo, kina taƙaitawa inda yake gajere. Za ki ji wani bugu yana maimaita kansa. Ki gwada ɗango na biyu, in ya hau kan bugun nan ba tare da kin tilasta shi ba, kin samu. Waƙa ɗaya tana iya ɗaukar murya fiye da ɗaya, muddin ma'aunin bai karye ba. Na Zariya da na Sakkwato ba lallai su rera iri ɗaya ba.

Zainab Marubuciya:
Malam, in za ka yarda ka ɗauki muryarka kana rera ko baiti goma ne duk mako, tare da ɗan bayani, zan rubuta baitocin da ƙa'ida, da ɗ da ƙ da ɓ yadda Baba Alhaji yake so, in tura wa masu karanta ni. A haɗa murya da rubutu wuri ɗaya, mai bin ido ya bi, mai bin kunne ya bi.

Ɗan Kurmi:
A dai kula da haƙƙin masu shi. Na magabata irin su Nana Asma'u ba matsala. Na baya-bayan nan akwai iyalansu da kamfanin da ya buga, a tsaya ga baitoci kaɗan a faɗi sunan littafin, mai so ya nema. Zan duba sito gobe in ga abin da ya rage mini na waƙoƙi, in kawo muku sunayensu.

Ummi Ɗaliba:
Zan taimaka da ma'anar kalmomin Larabci. Amma ina roƙon a riƙa turo rubutun kwana ɗaya kafin muryar, don mutum ya fara kokawa da shi da kansa.

Malam Idi Zariya:
Ni da na fi son murya ta riga, amma a gwada naki na wata ɗaya mu gani. Jikana zai nuna mini yadda ake ɗauka. Zan fara da waƙar wa'azi, tunda ita kowa ya fi sabawa da karinta.

Habu Tela:
Malam, don Allah in za ka ɗauka ka matso da wayar kusa da baki, kuma ka maimaita kowane baiti sau biyu. Shagonmu akwai ƙarar keke da janareta, kuma yaran nawa ma za su so su kama.